Neman shawara: ya za mu raba rukunan hukuncin kisa, ta ƙasa ko ta hanyar da aka bi?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawarar manya nake nema kafin in je in yi ɓarna. Kwana uku kenan ina kan muƙalolin da suka shafi hukuncin kisa a Wikipedia ta Hausa, da farko niyyata gyaran rubutu ne kawai, sa ƙugiya a ƙa da ɗa da cire fassarar na'ura, to sai na gangara ƙasan shafi wajen rukuni na tarar abin ya zama kamar dilar gwanjo, an zuba komai wuri ɗaya. Mutumin da aka kashe yana ciki, ƙasar da ke kashewa tana ciki, igiyar ma tana ciki. Sannan wani ya buɗe "Waɗanda aka rataye", wani ya zo bai duba ba ya buɗe "Mutanen da aka kashe ta hanyar rataya", kowanne da mutum bibbiyu a ciki suna kallon juna.

To tambayata ita ce, wanne ne uwa wanne ne ɗa? Ƙasa za mu sa a sama, sai a ƙarƙashinta a jero rataya, harbi, sare kai da sauransu? Ko hanyar ce za ta hau sama, a ce Rataya, sai a ƙasanta Najeriya, Iran, Japan, Singapore? Misali Ken Saro-Wiwa da aka rataye a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995 shi da mutum takwas, da kuma Dimka da aka harbe a 1976 saboda kisan Murtala, ni a kaina dukansu Najeriya ne, amma in na bi hanya sai ɗaya ya koma gida ɗaya da Saddam Hussein ɗayan kuma ya tafi wani wajen. Wallahi kaina ya ɗau zafi. Ban taɓa komai ba tukuna, ina jiran ku.

Malamar Tudun Wada ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina, sannu da ƙoƙari, kuma ka kyauta da ka tsaya ka tambaya, don mun sha ganin wanda zai kwana yana sauya rukuni sai da safe a tashi ana warware tufkar da ya yi.

Amsar a taƙaice babu uwa babu ɗa, 'yan uwan juna ne. Rukuni ba aljihun kabad ba ne da in ka sa takarda a ɗaya shi kenan ba ta ɗayan, muƙala ɗaya tana iya zama a rukuni biyar ba abin da ya dame ta. Sai ka dasa bishiya biyu gefe da gefe, ɗaya "Hukuncin kisa bisa ƙasa" ɗaya "Hukuncin kisa bisa hanyar zartarwa", dukansu a ƙarƙashin babban rukunin. Saro-Wiwa ya shiga na Najeriya ya kuma shiga na rataya, Dimka ya shiga na Najeriya ya shiga na harbi. Mai neman tarihin Najeriya zai same su tare, mai neman tarihin rataya zai sami Saro-Wiwa kusa da Bhutto na Pakistan da aka rataye a 1979 da Sayyid Kutub na Masar a 1966, kowa ya samu abin da ya zo nema.

Inda nake so ka yi hattara shi ne haɗa biyun a suna ɗaya, irin su "Mutanen da Najeriya ta kashe ta hanyar rataya". Na san ka gani a na Turanci shi ya sa yake ba ka sha'awa, amma su muƙalolinsu sun haura miliyan shida, in ba su yayyanka ba rukunin zai cika ya batse, mu kuwa in muka kwaikwayi wannan za mu wayi gari da rukuni ɗari kowanne da mutum ɗaya tal a ciki kamar gidan haya da ba 'yan haya. Ni shawarata kada a buɗe irin wannan sai an ƙirga muƙala aƙalla biyar da za su shiga yau ɗin nan, ba waɗanda ake fatan wani zai rubuta wata rana ba. Harbi a Najeriya ina ganin zai kai, in aka haɗa su Dimka, Bisalla, Gomwalk, Mamman Vatsa a 1986, Orkar a 1990, da 'yan fashi irin su Oyenusi da Anini. Rataya a Japan fa? A bar shi tukuna.

Abu na biyu, ka ware mutane daga batutuwa. "Hukuncin kisa a Najeriya" na dokoki ne da kotuna da gidajen yari da muhawarar a soke ko kar a soke. Mutanen kuma nasu daban, ɗan rukuni a ƙarƙashinsa.

Lauyan Ƙauye ya rubuta:

Malama ta gama magana kan tsari, ni ta ɓangaren sana'ata zan shigo, kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja da tsawo don nan ne nake ganin ake shafa wa mutane kashin kaji ba da gangan ba.

Yanke hukunci daban, zartar da shi daban. Wannan kaɗai in kuka riƙe kun yi rabin aikin. Kwanaki da idona na ga wani edita, ba sai na kama suna ba, ya ɗauki Amina Lawal ya jefa ta a rukunin waɗanda aka jefe. Subhanallahi. Matar nan kotun shari'a a jihar Katsina ta yanke mata jifa a 2002, amma kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta wanke ta a watan Satumba 2003, haka Safiya Hussaini ta Tungar Tudu a Sakkwato an sallame ta a watan Maris 2002. Ba wadda aka ɗaga wa dutse. Tun da Zamfara ta fara shari'ar musulunci, jihohi goma sha biyu har da ita suka bi wannan layi, ba a taɓa zartar da rajamu a kan kowa ba da hukuncin kotu a ƙasar nan. To ka ga in ka buɗe rukuni ka ce "Jifa a Najeriya" ka zuba mutane ciki, yaro ɗan sakandare da ke karantawa a waya zai tashi da yaƙinin an jefe su, kuma ba zai shiga cikin muƙalar ya karanta sakin layi na shida ba. Saboda haka a samu "Waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa" daban, "Waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa" daban, kuma rukunin hanya, wato rataya ko harbi ko wani abu, kada ya taɓa mutum sai wanda aka tabbatar ta wannan hanyar ya mutu. Obasanjo kansa da Shehu Yar'adua sun shiga shari'ar juyin mulki ta 1995, Yar'adua har kisa aka yanke masa kafin a sassauta, ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997, to shi wane rukunin harbi za ka sa shi? Babu.

Wani abin kuma, abin da ke cikin littafin doka ba lallai shi ne abin da ake yi ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ambaci rataya ko allurar guba, amma ba a taɓa yi wa kowa allurar nan a Najeriya ba. Kuma ga misalin da yake burge ni, Sani Yakubu Rodi, kotun shari'a ce a Katsina ta yanke masa bisa laifin kisan kai, amma rataye shi aka yi a kurkukun Kaduna a farkon Janairu 2002. In da za ka yi hasashe daga irin kotun sai ka ce takobi, alhali igiya ce. Wato kada kowa ya zauna ya ce ai kotun musulunci ce don haka hanya kaza, ai kotun soja ce don haka hanya kaza, a nemo inda aka rubuta.

Sai maganar "ƙasa" ita kanta. A Najeriya gwamna ne ke sa hannu kan takardar kisa in laifin na jiha ne, kuma yawancinsu gudun abin suke kamar wuta, shi ya sa mutane suke jibge a kurkuku shekara da shekaru suna jira. Na baya-bayan nan da aka sani a jihar Edo aka yi su, mutum huɗu a 2013 da uku a ƙarshen 2016. Duk da haka ni ban goyi bayan a raba Najeriya jiha-jiha ba, ba mu da muƙalolin. Amurka ce dole wata rana a raba, don can kowace jiha da nata, wasu sun soke gaba ɗaya, Texas ita ta fara allura a 1982, Alabama ta fito da iskar naitirojin a Janairun 2024, South Carolina ta harbe mutum a Maris 2025. Shi wanda aka fara gwada iskar a kansa ma, Kenneth Smith, sun taɓa kwantar da shi za su yi masa allura a 2022 suka kasa samun jijiya suka mayar da shi ɗaki. Kun ga ko shi rukuni ɗaya zai shiga, na abin da ya kashe shi, labarin allurar a bar shi cikin muƙala.

Na ƙarshe, dan Allah kar a haɗa kisan gilla da hukuncin kisa. Murtala kisan gilla ne, Sankara kisan gilla ne, Gaddafi haka. Ba alƙali ba takarda.

Ɗan Fagge ya rubuta:

Kai Barista Allah ya ƙara basira, wallahi maganar Amina Lawal ɗin nan ta sa jikina ya yi sanyi don saura kaɗan ni ma in yi irin wannan da wani. Malama na gode, na fahimci bishiya biyun.

Amma ga wata ta taso. In an ce "bisa ƙasa", ƙasar wa? Akwai yaron nan Iwuchukwu Amara Tochi ɗan Najeriya da aka rataye a Singapore a Janairun 2007 kan ƙwaya, ga 'yan Najeriya da Indonesiya ta harbe a tsibirin Nusakambangan a 2015 da 2016, ga waɗanda ake sare wa kai a Saudiyya da muke ji a rediyo lokaci lokaci. In na sa su a "Hukuncin kisa a Najeriya" na yi ƙarya tunda ba Najeriya ta kashe su ba, in kuma na bar su a Singapore da Indonesiya kawai to wanda ya zo neman 'yan Najeriyan da abin ya shafa ba zai taɓa ganinsu ba, kuma ina ganin mu masu karatunmu wannan ɗin ne ma ya fi damunsu.

Na Damagaram ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku matsa mana mu ma mu zamna, kullum in ana zancen Hausa sai ku mance da mu hhh.

Ɗan Fagge wannan mai sauƙi ce a ganina, ƙasa ita ce wadda hukumarta ta yi kisan, ita ka bi. Na biyun kuma sai ka buɗe masa nasa, "'Yan Najeriya da aka zartar wa hukuncin kisa a ƙasashen waje", ka rataya shi ƙarƙashin mutanen Najeriya ba ƙarƙashin dokar Najeriya ba, shi kenan Tochi ya shiga uku, Singapore, rataya, da wannan.

Wadda ta fi wuya ita ce ta zamanin nasara. Umar Mukhtar an rataye shi a 1931, a ƙasar da muke kira Libiya yau, amma Italiya ce ta kama shi ta yi masa shari'a ta rataye shi gaban mutanensa. In ka rubuta Libiya ta kashe shi ai ka zagi Libiyawa, mutumin da hotonsa ke kan kuɗinsu. Haka duk wanda Faransa ta kashe a nan wajenmu kafin 1960, ko Ingila a wajenku. Ni ina ganin sunan rukunin mutane ya ɗauki mai aikatawa ƙarara, "Waɗanda Italiya ta zartar wa hukuncin kisa", kada a ce "a Libiya" don "a" wuri take nunawa ba hannu ba. Harafi ɗaya ne amma shi ne duka maganar.

Sa'an nan Malama ba ki taɓo ƙasashen da suka daina ba. Mu Nijar doka tana nan, kotu tana yankewa, amma rabon da a kashe wani da hukunci tun 1976. Chadi ta harbe 'yan Boko Haram goma a watan Agusta 2015, sai ga shi a 2020 ta soke hukuncin baki ɗaya. Ghana majalisa ta cire shi daga dokar laifuka a 2023 amma cin amanar ƙasa yana nan cikin tsarin mulkinsu. Saliyo ta soke a 2021. Waɗannan duka suna buƙatar "Hukuncin kisa a ƙasa kaza" nasu ko da sun daina, don tarihi bai gogewa, Ghana ɗin nan a watan Yuni 1979 tsofaffin shugabannin ƙasa uku aka ɗaure aka harbe, Acheampong da Akuffo da Afrifa. Abin da ban so shi ne a buɗe rukunin "ƙasashen da suka soke" da "ƙasashen da ba su soke ba", don abu ne mai motsi, yau ƙasa ta soke gobe soja sun hau sun ce za su maido, wa zai riƙa bi yana gyarawa? Wannan jeri ya kamata a yi masa, da shekara a gefen kowace ƙasa.

Baba Tsohon Soja ya rubuta:

Yara sannunku da aiki. Jikana ne ya nuna min wannan zance ya ce in sa baki, ni ba na gyara muku komai, karatu kawai nake.

Kalmar harbi ɗin nan da kuke ta maimaitawa ba ta ishe ku ba. Ɗan fashi ma harbi yake, maharbi ma harbi yake, kunama ma harbi take. Abin da muka sani a zamaninmu shi ne a kafa turaku, a jera ganguna cike da yashi a bayansu saboda harsashi, a ɗaure mutum da igiya tun daga ƙirji har gwiwa, liman ko fada ya zo ya yi masa magana a kunne, likita yana tsaye gefe da abin awonsa a wuya, sa'an nan sojoji su jeru a ba da oda. Jama'a kuwa kamar ranar hawan sallah, har masu sayar da rake da gyaɗa. Na tsaya a irin wannan fili sau ɗaya ina cikin kaki, ba ni na riƙe bindiga ba, tsaron taro aka sa mu, amma na yi kwana biyu ban ci tuwo ba. A Legas bakin teku ake yi, Bar Beach, can aka harbe Oyenusi a 1971. To wannan ba ɗaya yake da a durƙusar da mutum a sa masa harsashi ɗaya a ƙeya kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe ba. In za ku raba, ku ce "bindigewa a turke" ko wani abu da mai karatu zai gane.

Kuma kun tafi Amurka kun tafi Italiya kun bar gida. Kafin zuwan Bature sarakunanmu suna da hauni, shi ne mai sare kai da takobi in alƙali ya yanke sarki ya amince. Wannan a wace ƙasa za ku sa, tunda babu Najeriya sai 1914? Ku rubuta Daular Usmaniyya ta Sakkwato ko masarautar da abin ya faru.

Barista kuma ina da ja da kai kaɗan. Ka ce in ba alƙali ba takarda kisan gilla ne, to kotun soja da ake zama a ɓoye a gama cikin 'yan kwanaki ba ɗaukaka ƙara fa? Takarda kam akwai. Ni na ga waɗanda aka tafi da su da takarda.

Lauyan Ƙauye ya rubuta:

Ranka ya daɗe Baba, ban isa in ja da wanda ya gani da ido ba. Gaskiyarka ne, kuma shari'ar Saro-Wiwa kanta kotu ce ta musamman da gwamnatin Abacha ta kafa, duniya ta yi tir da ita har aka dakatar da Najeriya daga ƙungiyar Commonwealth. Ceausescu na Romaniya ma ranar Kirsimeti ta 1989 aka yi masa shari'a shi da matarsa aka harbe su a ranar. Amma rukuni ba zai iya yanke cewa shari'a ta yi adalci ko ba ta yi ba, in muka buɗe wannan ƙofar kowa zai zo ya cire nasa gwanin ya bar na wani. Abin da zai iya faɗa shi ne hukuma ta zauna da sunan kotu ta yanke ta zartar. Sai dai a ƙara ɗan rukuni na "waɗanda kotun soja ta yanke wa", wannan gaskiya ce da ba mai musu, sauran bayanin zaluncin a zuba shi cikin muƙala da hujja.

Malamar Tudun Wada ta rubuta:

Baba mun gode Allah ya ƙara lafiya, maganar hauni ta shige min, ban taɓa kawo ta a raina ba wallahi. Na Damagaram na yarda da kai kan jeri maimakon rukuni, da kuma maganar "a". Amma "bindigewa a turke" ina da ɗan shakku, don a Utah da South Carolina kan kujera ake ɗaure mutum ba turke, in muka sa turke a suna mun fitar da su. Ko mu bar uwar ta zama "Bindigewa" kawai, in muƙaloli sun yi yawa a raba daga baya.

Ɗan Fagge ka fara da haɗe tagwayen rukunan ratayar nan biyu, ka bar mai gajeren suna, ka kwashe mutanen ɗayan kafin ka nemi admin ya goge shi, kar ka bar su a rataye ba rukuni, yi haƙuri da kalmar. Kuma kar ka yi su duka dare ɗaya, yi goma ka tsaya mu leƙa.

Ɗan Fagge ya rubuta:

To Malama an gama, zan fara bayan isha'i in NEPA sun kawo wuta don cajin wayata saura kaɗan. Saura abu ɗaya, injin nan na Faransa mai faɗo da wuƙa daga sama, wanda suka yi amfani da shi na ƙarshe a Marseille a 1977 kan wani ɗan Tunisiya Hamida Djandoubi kafin su soke a 1981, shi a ƙarƙashin sare kai zan sa shi tare da takobin Saudiyya ko nasa daban? Kuma me za mu kira shi, gilotin za mu rubuta ko akwai wanda ya taɓa jin sunansa da Hausa? Na Damagaram ku da kuka yi lakwal da Faransanci ko kuna da wani suna a wajenku?